Babur a Filin Allah: Ɓarnar Rana da Ruwa da Ƙura a Abuja

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2006, sa'ad da hukumar Babban Birnin Tarayya, a zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, ta haramta wa 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a tsakiyar Abuja, sai babur ya koma bayan gari ya yi kaka-gida a Nyanya da Karu da Jikwoyi, da Kubwa da Dutsen Alhaji, da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, da Lugbe da Mpape, har ya tsallaka iyaka zuwa Mararraba ta jihar Nasarawa da Suleja ta jihar Neja. Kuma duk wanda ya ratsa waɗannan unguwanni bayan an sallame isha'i, zai iske babura birjik a kakkafe, a ƙofar gidaje da gindin katanga da harabar masallatai, babu rumfa a bisansu, babu daɓe a ƙarƙashinsu. Jaridu sun sha ba da labarin kame da haɗari da sata, domin waɗannan musibu ne masu aukuwa farat ɗaya, kowa ya gani ya yi salati. Amma asarar da take zuwa sannu a hankali, wadda rana da ruwa da ƙura suke jawo wa abin hawan da yake kwana a waje shekara da shekaru, ba ta samun mai ba da labarinta, alhali kuwa in da za a tara ta wuri ɗaya, ba ƙaramar dukiya ba ce, balle a wannan zamani da kuɗin sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira da suka faro a shekarar 2023.

Kafin a ɗora wa mai babur laifin sakaci, adalci shi ne a fara duba yadda aka gina garin. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa don ƙirƙirar wannan yanki, da taswirar birnin da aka kammala a 1979, da ƙaurar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, dukkansu tanadi ne na birnin ma'aikaci mai mota, wanda gidansa yake da gareji, ofishinsa kuma yake da filin ajiye motoci. Mai ƙafa biyu bai shiga lissafi ba. A birnin Kano ko Zariya ko Katsina, magini ba ya ɗora tubalin gida sai ya fitar da zaure, kuma cikin zauren nan ko soron ciki aka saba tura keke, daga baya Vespa da Honda, da zarar dare ya yi. Kai, tun kafin zuwan ƙarfe ma, mai doki ba ya yarda dokinsa ya kwana inda ruwa zai dake shi, sai ya kafa masa turke a barga, ya yi masa inuwa, ya sa yaro yana share ƙarƙashinsa. Babur ya gaji aikin doki, amma a Abuja bai gaji bargarsa ba. Mai gida a bayan gari ya cika kowane taƙi na filinsa da ɗakunan haya, ƙofar ɗaki ƙarama, dokin ƙofa dogo saboda tsoron ambaliya, ɗakin kuma na samari ne da yawa waɗanda suka zo ci-rani daga Katsina da Zamfara da Kabi, wasu ma a kango suke kwana. Ga shi kuma mai hankali ba ya kwana da tankin fetur kusa da risho ko tukunyar gas. Saboda haka sai a kai baburan wurin maigadi, a biya shi ɗan abin da aka yi jinga kowane dare. To, maigadi ɓarawo yake tsarewa. Hadari in ya taso, shi ma mafaka yake nema.

Mutumin da ya taso a Sakkwato ko Katsina yakan zo Abuja da al'adar busasshiyar ƙasa, inda damina ba ta wuce wata huɗu, ruwa ya zuba da dare, hantsi ya busar da komai. Nan kuwa ba haka ba ne. Ruwa yana faɗuwa tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, kuma abin da yake sauka a shekara ya wuce milimita 1,200, watau kusan ninki biyu na abin da gonakin Sakkwato suke samu. A watan Agusta da Satumba, lokacin marka, sai a jera kwanaki ƙasa ba ta bushe ba, iska tana ɗauke da laima dare da rana. Ƙarfe kuwa, kamar yadda masana suka tabbatar, ba ya bukatar komai don ya yi tsatsa illa ruwa da iska su daɗe tare a jikinsa. Ba yawan ruwan da ya zuba ne abin tsoro ba, a'a, tsawon lokacin da ƙarfen ya ɗauka yana jiƙe. Shi ya sa raɓar asuba, wadda ba wanda yake lissafa ta cikin ruwa, take yin ɓarnar da ba ta gaza ta mamakon ruwa ba.

Tsatsar da ido yake gani, irin wadda takan fito a kan sarƙa da kan kusoshi da madubi, ita ce mafi sauƙi, domin tana ba da sanarwa. Mugunyar ita ce ta ɓoye, kuma babban mazauninta cikin tanki. Ga yadda abin yake. Tankin da man cikinsa bai kai rabi ba, sauran sararinsa iska ce. Da rana ƙarfe ya yi zafi, iskar ta kumbura ta fita ta ɗan ramin numfashin da yake jikin murfi, da dare ya yi sanyi ta koma ciki ɗauke da laima, laimar ta taru a bangon tanki ta zama ɗigo, ɗigon ya gangara. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, kuma ba sa gaurayuwa, sai ya kwanta a can ƙasa, daidai inda aka haɗa ƙarfen da walda, yana ci a hankali. Idan robar murfin ta tsufa, ruwan sama ma yana shiga kai tsaye. Wata safiya mai babur ya buga kik har ya yi gumi, injin ya ɗan yi tari ya mutu, a tura shi wurin bakanike, ya kwance kusar da take ƙarƙashin kafireta, sai ga ruwa ja-ja yana zuba, ya ɗaga kai ya ce, "Ai ruwa ya sha." Galibi gidan mai ake zarga da sayar da gurɓataccen fetur, kuma ba a ce hakan ba ta faruwa ba, don mazauna Abuja ba su manta da man da aka shigo da shi a watan Fabrairu na 2022 ba, wanda ya lalata injuna ya jawo dogayen layuka, amma sau da yawa ruwan nan a ƙofar gida aka tara shi, dare bayan dare. Maganinsa a bakin faɗa mai sauƙi ne, a kwana da tanki cike. Sai dai wanda ya faɗi haka ga ɗan acaɓan da yake sayen mai lita biyu-biyu, bayan ya ware balas ɗin maigida da kuɗin tikiti da na abinci, lalle bai san tsadar fetur ba.

Haka ruwa yake bin sauran gaɓoɓi. Yana shiga cikin kebur na birki da na kuloci ta bakin robarsu, ya zauna tsakanin waya da rigarta, sai hannu ya fara jin tauri, rannan wayar ta tsinke a tsakiyar hanya. Yana kwanciya cikin rim, a gindin wayoyin taya, tsatsa ta yi kaifi ta huda tub daga ciki, mai faci ya yi ta neman ƙusa bai gani ba. Salansa daga ciki take ruɓewa, domin hayaƙin inji da kansa yana ɗauke da tururi, in tafiyar gajeriya ce bai ƙone ba sai ya kwana a ciki. Birkin mafi yawan baburan haya kuwa irin na cikin kwano ne, wanda in ya jiƙe aka bar shi kwanaki, takalminsa yakan manne, ko kuma ya yi wani irin kamu na ba-zata a taka na farko, abin da ya isa ya kayar da mutum da fasinjansa. Mahaɗan wayoyin wuta su yi kore, hon ya dushe, sigina ta ƙi kamawa. Sannan ga laka: ƙafar da aka kafe babur a kanta ta nutse cikin jar ƙasar da ta jiƙe, da safe a iske shi kwance, mai ya tsiyaye, hannun kuloci ya karye.

Ambaliya babi ce dabam. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a rukunin gidajen Trademore na Lugbe a watan Yuni na 2023, inda ya shanye motoci ya shiga ɗakuna, ya san cewa kwarurrukan Abuja ba abin wasa ba ne, kuma unguwannin talakawa da dama a bakin irin waɗannan rafuka suke. Babur ɗin da ruwa ya shanye, kuskure mafi girma shi ne a yi garajen tayar da shi, domin ruwa ba ya matsuwa kamar yadda iska take matsuwa, in fistin ya taso ya iske shi a gabansa sai sandar da take ɗauke da shi ta lanƙwashe. Abin da masu sani suke yi shi ne su cire fulogi, su juya injin ruwan ya fita, su zubar da baƙin mai, wanda za a ga ya koma fari-fari, su wanke kafireta, su shanya matatar iska, kana a gwada.

Idan damina ta ɗauke, ba hutu aka samu ba, canjin abokin gaba aka yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu take kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, har hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan yi gargaɗin hazo, jirage su kasa sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. A haɗa wannan da jar ƙurar hanyoyin da ba su da kwalta, da ta wuraren fasa dutse na Mpape. Ƙura ita kaɗai a jikin fenti ba ta da wani lahani mai yawa, sai in an goge ta a bushe da tsumma, nan ne take kankare sheƙi. Amma in ta sami mai, ta zama magagari. Sarƙar da aka yi wa wanka da tsohon baƙin mai, kamar yadda aka saba, tana kama ƙura ta riƙe, kowane juyi tana cin kanta tana cin haƙoran da take hawa. Matatar iska kuma in ta toshe, inji ya shiga shan mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu. Sai wani gwani ya ba da shawarar a cire matatar gaba ɗaya don babur ya sami numfashi, kuma lalle zai samu, na 'yan watanni, kafin ƙurar ta cinye ringi, hayaƙi ya fara tashi shuɗi, a ce sai an sauke inji.

Sai bazara, watan Maris da farkon Afrilu, sa'ad da zafi a Gwagwalada da Abaji da Kwali yakan kusanci digiri 40. Abuja tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana a tsaye take dukan abu kusan duk shekara, kuma cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda aikinsa shi ne tsinka ƙwayoyin roba da fenti. Shi yake mayar da jan tanki fari-fari, shi yake sa robobin jiki su bushe har su karye da ɗan taɓi, kuma ƙananan baburan nan da ake kira roba-roba sun fi kowa shan wannan azaba. Ledar kujera ta tsage, soso ya bayyana, damina ta zo ya sha ruwa ya riƙe, fasinja mai fararen kaya ya hau ya sauka da taswira a bayansa, daga ranan kuma in ya hango wannan babur sai ya kau da kai. Batir shi ma zafi ne ajalinsa: ruwansa yana ƙafewa, cajinsa yana zubewa ko ba a taɓa shi ba, kuma gwargwadon ƙaruwar zafi gwargwadon saurin zubewar. Abin da Abuja ta tsira daga gare shi kawai shi ne gishiri, wanda iskar teku take watsa wa ƙarafa a Legas, kuma wanda ake barbaɗawa a titunan Ingila lokacin ƙanƙara, har masu babura a can su kulle nasu a ɗaki sai sanyi ya wuce.

Da yawa suna ganin tamfol ko leda ta raba gardama. Ba ta raba ba. Ledar da aka lulluɓa har ƙasa aka ɗaure tam, a kan babur ɗin da ya dawo a jiƙe, bisa ƙasa mai danshi, ɗakin tururi ce: rana ta fito, laima ta tashi daga ƙasa, ta rasa mafita, ta koma kan ƙarfe, sai ya wuni cikin gumi alhali na kusa da shi da aka bari a buɗe ya daɗe da bushewa. In an rufa tun salansa da zafi, ledar ta narke ta manne. In iska ta kaɗa ta da hunturu, ƙurar da take ƙarƙashinta ta goge fenti. Rufin da yake da amfani shi ne wanda ya tare sama ya bar ƙasa a buɗe iska tana ratsawa, aka sa shi bayan inji ya huce, aka kuma yaye shi da safe. Gindin bishiya ma da nasa sharrin, don mangwaro da darbejiya da malaina suna ba da inuwa, amma suna zubo da ƙaro da kashin tsuntsu da na jemage, masu cin fenti, kuma guguwar farkon damina ta Abuja ta shahara da karya rassa.

Wani abin mamaki, wanda duk tsohon bakanike zai shaida, shi ne babur ɗin da yake fita aiki kullum, duk da wahalar da yake sha, ya fi wanda aka ajiye lafiya. Zafin inji yana korar laima, fetur yana sabuntuwa, batir yana samun caji, taya kuma in tana juyawa, wani irin kakin da masu ƙera ta suka zuba cikin robar yana fitowa fuska ya kare ta daga tsagewa. Wanda aka kafe aka tafi gida noma, daga Yuni zuwa kaka, shi ne abin tausayi: fetur ɗin da ya rage cikin kafireta ya ƙafe ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan ramuka, taya ta sace ta tsattsage a gefe, ɓera ya yi gida cikin akwatin matatar iska ya ci wayoyi, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin salansa. Mai niyyar irin wannan tafiya, abin da ya fi masa shi ne ya wanke babur ya bar shi ya bushe, ya canza baƙin mai, ya rufe famfon mai ya bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, ya cire batir ya kai ɗaki, ya shafa giris a sarƙa da kusoshi, ya ɗora shi a babbar ƙafa ta tsakiya bisa katako ko bulo, ya toshe bakin salansa da tsumma.

Babu inda ake ganin wannan a sarari kamar harabobin da ake tara baburan da aka kama. Hukumar kula da zirga-zirgar ababan hawa ta birnin, wadda kowa ya fi sani da VIO, tare da rundunar haɗin gwiwa, ta daɗe tana kwashe baburan da suka shiga hanyoyin da aka haramta, kuma a zamanin minista Muhammad Musa Bello, da kuma bayan zuwan Nyesom Wike a watan Agusta na 2023, an sha nuna wa duniya yadda katafila take murƙushe ɗaruruwansu. Ba wurin jayayya da dokar ba ne nan. Gari yana da haƙƙin tsara hanyoyinsa. Abin lura kawai shi ne, babur ɗin da aka jibge kan ɗan'uwansa a fili, mai yana tsiyaya, damina ɗaya ta wuce a kansa, ko da daga baya an yi wa mai shi afuwa, abin da zai karɓa ba shi ne abin da aka karɓe masa ba.

A nan ne maganar take shiga hurumin malamai. Kiyaye dukiya yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, tozarta ta kuma abin hani ne, ko da mutum tasa ce ta halal. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun yi magana a kan ajiya da haya, kuma asalin hukunci shi ne, wanda aka ba ajiya ko wanda ya ɗauki abu haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko ya yi sakaci. To, ga mas'ala ta zamani: attajiri ya sayi babur ya ba yaro yana kawo balas, bayan shekara ya ga tanki ya huje, kujera ta yage, rim ya yi ja, ya ce an ci amanarsa, yaron kuma ya ce shi bai kayar ba, bai yi karo ba, ruwan Allah ne da ranar Allah. Wa yake da gaskiya? A ganin mai wannan rubutu, ma'aunin shi ne al'ada da iko. Kodewar fenti da tsufan roba, waɗanda ba makawa sai sun faru, suna kan mai dukiya. Amma wanda yake da halin tura babur ƙarƙashin baranda ya bar shi a bakin indararo, ko ya ga robar murfin tanki ta mutu ya ƙi canza ta alhali kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, wannan sakaci ne ko a gaban wane alƙali. Shi kuma maigidan da ya san yaronsa a kango yake kwana, bai tanadar wa dukiyarsa makwanci ba, ba shi da bakin zargi. Da za a riƙa faɗin inda babur zai kwana tun ranar da ake ƙulla yarjejeniya a gaban shaidu, da an rage ƙararrakin da shugabannin tasha suke sasantawa.

Ƙungiyoyin 'yan acaɓa suna yankar tikiti kowace safiya a kowace tasha, kamfanonin kai saƙo kuma, waɗanda aka yarje wa baburansu shiga cikin gari bayan rajista, suna barin yaransu su wuni a kafe cikin rana a ƙofar gidajen abinci na Wuse da Garki da Jabi. Rumfar kwano mai tsawon 'yan taku, da daɓen siminti mai ɗan gangare, ba ta fi ƙarfin ɗayansu ba, kuma za ta kare babura da dama daga mafi yawan abin da aka lissafa a sama. Cikas ɗin shi ne, a Abuja duk abin da aka kafa ba da izini ba, sashen kula da tsarin gine-gine yana iya shafa masa jan fenti ya turo katafila, shi ya sa ba mai son zuba kuɗinsa a rumfar da ba ta da takarda. Ƙananan hukumomin yankin guda shida, watau ta birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, waɗanda suke karɓar kuɗin shiga daga hannun masu baburan nan, su ne suka fi cancanta su nemi a keɓe filaye a bakin kasuwanni da tashoshi, a ba ƙungiyoyi izinin kafa rumfuna a rubuce, a kuma ƙayyade abin da za a riƙa biya na kwana.